Kwana Huɗu a Kan Keken Haya a Gefen Canal du Midi

Duk wanda yake sha'awar doguwar tafiya a kan keke ba tare da yana waiwayen mota a bayansa ba, ya kamata ya san da hanyar da ta bi gefen mashigin ruwan nan na kudancin Faransa da ake kira Canal du Midi. Na bi ta a farkon watan Yuni daga birnin Toulouse zuwa Béziers, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai, a kan keken da na karɓa haya daga wani kamfani da ke ba da keke, ya kama wa mutum masauki, sannan ya riƙa kai masa jakarsa gaba kowace rana. Abin da zan faɗa ya shafi hanyar da kuma hidimar kamfanin, domin a irin wannan tafiya ba a iya raba ɗaya da ɗaya.

Dalilin da ya sa hanyar ta miƙe ba hawa ba gangara yana cikin asalinta. Ba don masu keke aka yi ta ba, an yi ta ne don dawakan da ke jan jiragen ruwa da igiya daga bakin gaɓa. Pierre-Paul Riquet ne ya jagoranci haƙa mashigin a zamanin Sarki Louis na 14, bayan an ba da izinin aikin a 1666, kuma ya rasu a 1680, watanni kaɗan kafin a buɗe shi a 1681. Tsawonsa kilomita 240 ne, daga Toulouse zuwa gaɓar Bahar Rum. Tun da ruwan da jirgi zai bi dole ne ya zauna daidai, hanyar dawakan ma dole ta zauna daidai, in ban da wuraren da aka gina ƙofofin ruwa masu ɗaga jirgi ko sauke shi mataki-mataki. Daga Toulouse zuwa Naurouze, wanda shi ne wuri mafi tsayi a mashigin, mita 189 sama da teku, hawan bai kai mita 60 ba cikin kilomita kusan 50. Mai keke ba ya jin wannan a cinyarsa, sai dai ya lura cewa a kowace ƙofar ruwa akwai ɗan tudu da yake taka feda sau biyar ko shida ya wuce.

Keken da aka ba ni irin wanda aka ƙera don hanyar burji ne: tayoyi masu faɗin milimita 40 da ƙananan haƙora, birki mai faifai, giya isasshiya, da kariya a baya wadda aka rataya wa ƙaramar jaka mai hana ruwa. Wanda ya miƙa mini shi bai sallame ni ba sai da ya sa na hau, ya duba yadda gwiwata ke miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, ya ɗaga sirdin kaɗan, ya sake sa ni na zagaya farfajiyar. Wannan ɗan aiki na minti goma shi ne ya raba ni da ciwon gwiwa har ƙarshen tafiyar, kuma ina ganin da shi ya kamata a fara auna kowane mai ba da hayar keke. An haɗa mini da hular kwano, kwaɗon kulle keke, tub na ajiya, kayan faci, famfo da taswira.

Ranar farko ba ta gwada keken ba ko kaɗan, domin daga Toulouse har zuwa wajen Port-Lauragais kwalta ce lafiyayya, wadda ko keken yara zai bi. Manyan bishiyoyin platan sun yi rumfa a kan ruwan, gonakin alkama na yankin Lauragais sun shimfiɗu dama da hagu, kuma abin da mutum ke haɗuwa da shi bai wuce masu gudu, masu kamun kifi da wasu masu keke ba. Aibu ɗaya da na gani shi ne babban titin mota na A61 yana matsowa kusa da mashigin a wasu wurare, ta yadda ko da ba ka tare da motoci a hanya, ƙararsu tana tare da kai.

Bayan Naurouze ne tafiyar ta zama abin da na zo nema. Kwalta ta ƙare, hanya ta koma tsakuwa a wasu wurare, ƙasa zalla a wasu, kuma akwai inda ta tsuke ta zama siririyar turba da ba ta fi faɗin tafin hannu uku ba, ruwa a gefe guda, ciyawa mai kai gwiwa a ɗaya gefen. A nan saiwoyin bishiyoyi suke fitowa sarari su gitta hanya, sun yi santsi saboda tayoyin da suka daɗe suna gogar su. Na koyi in ɗaga jikina daga sirdi, in saki hannu kaɗan, in bar keken ya haye su a miƙe, domin idan taya ta same su a karkace sai ta zame. Na kuma rage iskar tayoyin kaɗan, nan take girgizar da ke hawa wuyan hannu ta ragu. Na ga wasu mutum biyu a kan kekunan tsere masu siraran tayoyi suna tura su da ƙafa a wannan yanki, kuma ban yi mamaki ba.

A daren na biyu aka yi ruwa, kuma da safe, tsakanin Carcassonne da Trèbes, ƙasar ta zama laka mai danƙo wadda ta cushe tsakanin taya da madogarar baya har tayar ta ƙi juyawa. Sau uku ina tsayawa ina ƙwaƙule ta da tsinke. A nan ne na ga giɓin farko a hidimar kamfanin: taswirar da suka bayar ta zana hanyar da layi ɗaya mai launi ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar duk iri ɗaya ce, ba ta nuna inda kwalta take, inda tsakuwa take da inda ke zama laka ba, kuma ba ta nuna wace gaɓa ce ta fi kyau ba, alhali sau da yawa ana bukatar a tsallaka gada a koma ɗaya gefen. Wanda ke sayar da wannan tafiya ya san waɗannan wurare sarai, kuma faɗin su bai kai aikin shafi guda ba. Giɓi na biyu ya fi ƙona mini rai: da ƙaya ta huda tayar gaba, na fito da famfon sai na tarar bakinsa na bawul mai kauri ne, tub ɗin kuwa mai siririn bawul ne. Sai da na jira wani mai keke ya zo wucewa ya ara mini nasa. Da na buga waya sun ba da haƙuri, kuma washegari na tarar da famfon da ya dace a cikin jakata a masauki, wanda hakan abin yabo ne, amma kuskure ne da dubawar minti ɗaya za ta hana.

Ta fannin ɗaukar kaya kuwa ba ni da abin cewa sai alheri. Kowace safiya nakan bar jakata a wurin karɓar baƙi, kowace yamma in same ta ta riga ni isa.

Akwai abin da hotunan talla ba sa nunawa, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani tun daga gida. Mashigin ya yi suna ne da bishiyoyin platan kusan 42,000 da suka jeru a gaɓoɓinsa, amma tun 2006 aka gano wata cutar naman gwari da ke kashe su, wadda ba ta da magani, kuma tana yaɗuwa ta ruwa da ta raunin da igiyoyin jirage ke yi wa saiwoyi da gindin bishiya. An sare fiye da rabinsu, ana kuma dasa wasu nau'o'in a madadinsu. Gabas da Carcassonne na yi tafiya mai tsawo a tsakanin kututtura masu faɗin tebur da 'yan dashe da aka ɗaure wa sanduna, waɗanda inuwarsu ba ta isa ta rufe ko keken ba. Abin ya taɓa mini zuciya, domin bishiyar da ta shekara fiye da ɗari ba a mayar da ita cikin shekara goma. A aikace kuma, ma'anarsa ita ce rana tana dukan mutum kai tsaye a tsakiyar gonakin inabi, don haka gorar ruwa ɗaya da aka maƙala wa keken ba ta isa ba, sai an ƙara ta biyu. Iska ma tana da nata hukuncin: wadda ake kira autan tana busowa daga kudu maso gabas a yankin Lauragais ta tare mai tafiya gabas a ƙirji, yayin da cers, mai zuwa daga arewa maso yamma, takan tura shi daga baya idan ya matso wajen teku.

Rana ta ƙarshe ita ce mafi daɗi. Daga Argens zuwa Béziers akwai kilomita 54 da babu ƙofar ruwa ko ɗaya, mashigin yana lanƙwasa yana bin gindin tuddai don kada ya sauka ko taƙi guda, ya ratsa Le Somail da Capestang, ya shige ramin Malpas da aka huda a dutse a 1679, har ya iso matakalar ruwa ta Fonseranes, wadda tun asali aka gina don saukar da jirage fiye da mita 21 cikin tazarar mita 300 kacal. Mutum yana tsaye a nan riƙe da kekensa yake fahimtar dalilin da ya sa UNESCO ta sanya mashigin cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Zan sake karɓar haya a wurin wannan kamfani, amma zan gwada famfon a kan tayar kafin in bar ƙofar shagon, kuma zan nemi a yi mini alama a taswira a duk inda kwalta ta ƙare. Wanda zai tafi da yara ko bai saba da turba ba, ya tsaya a ɓangaren Toulouse zuwa Port-Lauragais ya isa. Wanda kuwa yake son tsakuwa da gonaki da shiru, ya fara daga garin Castelnaudary da ke gaba kaɗan da Naurouze, inda jirgin ƙasa mai ɗaukar keke yake tsayawa, ya nufi gabas, ya kuma bari ƙasa ta yi kwana biyu da bushewa idan an yi ruwa.