Motar da ba ta da tayar safaya: saƙo daga Liyon zuwa Maradi

Tun da Yaya ya ɗora mini aikin nemo masa mota a nan Faransa don a ɗoro ta a jirgin ruwa nake ta jan ƙafa, har na ji an ce ya fara tambaya ko lafiya. Kuɗinsa suna nan yadda ya aiko su. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne abin da ya same ni a wani daren Lahadi cikin hunturun da ya wuce, kuma na ga ya kamata mutanen gida su ji shi kafin kowa ya sake zuba dukiyarsa a kan mota don ƙyallin fentinta.

Muna dawowa Liyon ne daga sunan ɗan wani ɗan uwa, ni da maiɗakina da yara biyu, cikin motar haya sabuwa fil. A wata ƙaramar hanyar ƙauye tayar gaba ta daki bakin dakalin titi ta tsage a gefe. Hankalina bai tashi ba, domin wanda ya taso yana bin hanyar Dakoro bai ɗauki canjin taya a bakin komai ba. Na buɗe but na ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai na tarar babu taya, babu jak, babu sifana. Abin da ke cikin ramin kawai kwalba ce ta wani ruwa mai danƙo da ɗan famfon iska na lantarki. Wannan ruwa yana toshe ƙaramar hujin ƙusa ne a saman taya, sannan a lallaɓa zuwa gareji ba tare da an wuce gudun kilomita 80 ba; tayar da ta tsage a gefe kuwa babu abin da zai yi mata.

Na kira masu hayar raina a ɓace, na ce sun ba ni mota ba a cike ba. Matar da ta ɗauka ta amsa mini a natse cewa babu wanda ya cire komai, haka motar ta fito daga masana'anta. Kusan awa biyu muka yi tsaye a bakin hanya cikin sanyi mai ratsa ƙashi, ƙaramin yarona yana tambayata me ya sa ba zan gyara ba, alhali na sha ba shi labarin yadda kakansa yake canja tayar Peugeot 504 cikin rairayi kafin shayi ya tafasa. Ina da hannu, ina da sani, amma an hana ni kayan aiki, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo fiye da sanyin.

Gaskiya ɗaya ce, dole in yaba abin da ya biyo baya. Janwe ya zo ya ɗauki motar, aka turo tasi ta kai mu har ƙofar gida, inshora ta ɗauki nauyin komai, kuma babu wanda ya miƙo hannu neman na goro. A daren na gane cewa Bature bai jefar da safaya ba sai da ya tanadi wanda zai zo ya ɗauke shi.

Da na bincika sai na ga lissafi ne. Taya da jak suna da nauyin kilo 15 zuwa 20, nauyi kuma yana ƙara shan mai da hayaƙi. Tarayyar Turai ta ƙayyade wa kamfanonin mota matsakaicin hayaƙin giram 95 a kowace kilomita daga 2021 zuwa 2024, kuma kowane giram da ya ɗara tararsa Yuro 95, kimanin jaka 62 na sefa, a kan kowace mota da aka sayar. Dokar Faransa ta wajabta ajiye rigar haske da alamar haɗari mai kusurwa uku a mota tun 2008, amma ba ta wajabta safaya ba. Saboda haka kamfani ya rage nauyi, ya rage kuɗin ƙira, sannan wanda yake son tayar ya biya ta daban.

Daga ranar na riƙa duba motoci da wani ido dabam, na kuma ga ba taya kaɗai aka ɗauke ba. Abin zuba tokar sigari da gurbin faifai sun tafi, ban kuma yi kewarsu ba. Amma a wasu injinan BMW da Mercedes an cire sandar auna baƙin mai, sai dai allo ya gaya maka, kuma motoci da yawa ba su da allurar da ke nuna zafin inji, sai wata fitila da ke kamawa bayan ɓarna ta yi nisa. Birkin hannu ya koma ɗan maɓalli mai aiki da batir. Na'urar sanyaya mota ma sai an laluba cikin allo ana tsakiyar tuƙi. A 2022 kamfanin BMW ya fara karɓar kuɗin wata-wata kafin ya kunna wa mutum ɗumin kujerar da ke cikin motarsa, sai da masu saye suka yi ca sannan ya janye a 2023. Hukumar Euro NCAP mai gwada amincin motoci ma ta ce daga 2026 sigina da hon da abin share gilashi da fitilun haɗari su kasance da maɓallan da hannu ke taɓawa, in ana son cikakken maki.

Abin da ke damuna shi ne waɗannan motoci namu ne nan da shekara goma. Abin da Turai ta gama hawa shi ke sauka Kwatano da Lome ya hauro mana. Mu kuma, a faɗi gaskiya, mun iya sayen ido: alhaji zai zagaya mota ya yaba girman allo da laushin kujera, ya biya, ba tare da ya ɗaga shimfiɗar but ba. Direbobinmu kuwa, ko mai safayar sau da yawa gogaggiya ce babu iska, ko kuma ya ara wa aboki tun bara. To idan ƙayar aduwa ko bakin kwalta da ya zaizaye ya yanka taya tsakanin Gidan Rumji da Madawa da tsakar dare, wane janwe za a kira? Kuma makanikenmu na Sabon Gari, wanda ke zaro sanda ya murza mai tsakanin yatsu ya gaya maka halin da inji ke ciki, me zai zaro a injin da ba ya magana sai da kwamfuta?

Don haka, Yaya, a ƙara mini haƙuri. Toyota nake nema wadda ta ɗan manyanta, mai birkin hannu na ja, mai sandar mai, mai cikakkiyar safaya irin sauran tayoyin huɗu, domin siririyar nan ta wucin gadi ba za ta kai ka Tasawa ba. In na samu zan saka jak da sifana da ƙarin taya ɗaya a but, kuma ranar da ta iso a sa yara su buɗe su ƙirga kafin a sallami direban da ya kawo ta.