Dashen sitiroberi da na yi odar sa daga Jos

A bikin 'yar ƙanwata a Jos na fara cin sitiroberi ɗanye, ba wanda ake zana hotonsa a jikin robar yogot ba. Masu talla suka ce daga Chaha ake kawo shi, can wajen Vom. Kafin in dawo Zariya sai da na karɓi lambar wani mai rainon dashe, kuma a ƙarshen Oktoba na sa ya turo min guda talatin.

A mota ya ba da saƙon, ta hanyar Saminaka da Pambeguwa. Ɗaurin ya yi kyau: kowane dashe da ƙasarsa a 'yar leda baƙa, an jera su a kwali an huda masa ƙofofi. Amma direban a but ya jefa kwalin, kuma sai bayan la'asar ya iso. Shida sun dahu a hanya. Da na kira mai dashen, bai yi min gardama ba, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zan cike miki." Bayan mako ɗaya ya cike ɗin, kodayake kuɗin mota daga aljihuna ya sake fita.

Inda ya burge ni shi ne bayanin dasawa. Ya sa na ɗauki hoton wanda na fara dasawa na tura masa, nan take ya bugo waya: "Kin binne masa wuya, Hajiya, ruɓewa zai yi." Ashe wurin da saiwa ta haɗu da ganye dole ya tsaya daidai fuskar ƙasa, kada ya nutse, kada kuma saiwar ta fito waje. Na tone na gyara. A buhunan siminti na dasa, na haɗa ƙasa da yashi da tsohon takin shanu, na huda gindin kowane buhu, domin abin ba ya shiri da kwanciyar ruwa. A sama na shimfiɗa buntun shinkafa don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa. Ban-ruwa da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba.

Da sanyin hunturu ya kankama suka fara farin fure, cikin Janairu muka fara tsinka. 'Ya'yan ba su kai na Jos girma ba, amma ƙamshin har ƙofar kicin. Ba za a cika kwando ba; duk bayan kwana biyu ko uku nakan samu cikin tafin hannu, jikokina su yi ta rigima a kai. Tsuntsaye da ƙadangaru sun riga mu ɗanɗana na farko, sai da na yanka tsohon gidan sauro na rufe su. Wannan dabarar tawa ce, shi bai ambata ba.

Ga inda nake da ƙorafi. Bai taɓa ce min shukar sanyi ce ba. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, mu kuwa a nan da Maris ya shigo zafi ya wuce digiri 30 nesa ba kusa ba. Fure ya tsaya, bakin ganye ya ƙone, wasu ƙananan ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo suka cika bayan ganyen. Na janye buhunan ƙarƙashin mangwaro, duk da haka bakwai kaɗai suka ga damina. Da ya faɗa min tun farko, da na saya tun farkon Oktoba na ƙara makonni ina tsinka, kuma da ban yi asarar kuɗin magani a Afrilu ba. Da na yi masa maganar, dariya ya yi, wai ya ɗauka na sani.

Bakwai ɗin nan yanzu sun miƙa yaɗo, kowane da 'yan jarirai a jiki, ina danne su a ƙananan robobi su yi saiwa. Bana guda goma kawai zan ƙara a wajensa, kuma na riga na gaya wa ƙanwata ta karɓo ta riƙo min a kujerar gaba.