Kyamarar gadin jariri: da rana gwana ce, da dare gidan sauro kawai take gani

Mai ɗan allon hannu na saya, ba irin wadda ake haɗawa da waya ba. Waccan sai da intanet a gida dare da rana, kuma duk mai zama a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san abin da data ke ci. Tawa kai tsaye kyamara ke tura hoto zuwa allon, ba ruwanta da layin waya. Ta nan kam ban yi asara ba. Ina zaure kan keken ɗinki, yarinya na barci a ɗaki can ƙarshen tsakar gida, ko juyi ta yi ina gani. A jikin kwali an rubuta mita 300, amma wannan lissafin fili ne. Bangon bulo biyu da ƙofar ƙarfe sun isa su sa hoto ya fara tsinkewa, sai na matso da allon bakin taga.

Surukata da ta zo daga Marwa ta juya abin a hannu ta ce, "'Yar nan, mu zanen goyo ne ya yi mana wannan aikin." Gaskiyarta, amma ba a taka keke da goyo a zafin Afrilu.

Ɓacin raina na dare ne. Ganin dare shi mai shagon ya yi ta cika baki a kai, kuma a kansa ya ɗora mini ƙarin jakunkunan sefa. Kyamarar tana da 'yan fitilu kewaye da idonta masu fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, da shi take ɗauko hoto cikin duhu. To wannan haske da ya doki gidan sauro sai ya dawo mata. Abin da ke fitowa a allo fari fat, kamar an shimfiɗa alawayyo. Ba fuska, ba hannu, ba komai. Maigida ya ɗora ta kan kabad, ya sauko da ita kan kujera, ya karkata ta gefe, duk ɗaya. Ya ce a shigar da ita cikin gidan sauron, na ƙi, don takardar da ta zo da ita ma cewa ta yi igiyar wuta ta yi nesa da jariri da aƙalla mita 1. Cire gidan sauro kuwa, a garin da ke bakin Binuwai, da damina, ba uwar da za ta yarda. Sai na bar ƙaramar fitila a kunne take ɗan nuna inuwar yarinyar, wato ganin duhun da na biya bai yi mini rana ba.

Ma'aunin zafin ɗaki shi ma don wasu ƙasashe aka yi shi. A Ingila digiri 16 zuwa 20 ake so ɗakin jariri ya kasance, mu kuwa Maris da Afrilu rana tana wuce 40. Ƙararrawarsa ta yi ta ƙara har na kashe ta. Waƙoƙin lallashi ban ma kula su ba.

Da adalci, sautin yana da kyau ƙwarai. Allon yana mutuwa da kansa sai yarinyar ta yi kuka ya farka, shi ya sa batir ke kai ni yamma. Akwai kuma maɓallin da nake dannawa in yi mata magana, tana jin muryata ta lafa kafin in ƙetare tsakar gida. Waɗannan biyun sun ci kuɗinsu. Wadda za ta saya ta nemi mai sauti kaɗai, kuma ta tambaya ko ɓangaren ɗakin jaririn ma yana da batir.

Don tawa ba ta da shi. Ana ɗauke wuta kyamara ta mutu, allo mai cikakken caji ya zama banza a hannuna. Sai da na sayi fawa banki, tunda igiyar USB take ɗauka, na ƙara da adafta saboda kan cajarta mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, soket ɗinmu kuwa na zagayayyun ƙafafu biyu ne. Duk wannan mai shagon bai faɗa mini ba.

Na koma na nuna masa farin hoton a wayata. Ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa, wai "Hajiya, ki ɗage gidan sauron ta gefe ɗaya mana." A wajensa dai ba zan ƙara sayen ko ƙwan fitila ba.