Sharhi kan HERM, taswirar tsara ayyukan jami'a

Jami'a ba ta rasa manhajojin kwamfuta, abin da take yawan rasawa shi ne mutumin da zai iya faɗin dukkan waɗanda take amfani da su da kuma aikin da kowace take yi. Wannan giɓin ne kundin HERM (Higher Education Reference Models), wato tarin taswirori na samfurin tsarin jami'a, ya zo cikewa. Ƙungiyar CAUDIT, wadda ta haɗa shugabannin sassan fasahar sadarwa na jami'o'in Ostareliya da Niyu Zilan, ita ce ta fara fitar da shi a 2016, daga baya takwarorinta UCISA ta Birtaniya da EDUCAUSE ta Amurka da EUNIS ta Turai suka shigo, har ya zama aikin haɗin gwiwa.

Daga cikin abin da kundin ya ƙunsa akwai taswirori huɗu: ta ayyukan jami'a, ta bayanai, ta manhajoji, da ta kayan fasaha. A ganina ta farko ce zuciyar aikin, kuma ita kaɗai ta isa dalilin neman kundin. Ta raba ayyuka gida biyu, wato na asali, koyarwa da bincike, da kuma masu tallafa musu kamar kuɗi, kula da ma'aikata, gine-gine da laburare. A ɓangaren koyarwa ta bi tafiyar ɗalibi daki-daki, tun daga tsara kwas da neman ɗalibai da yi musu rajista, zuwa koyar da su da jarraba su da ba su shaidar kammalawa. Hikimar da ke ciki ita ce taswirar ba ta damu da sunayen ofisoshi ba, abin da take tambaya kawai shi ne me jami'a take yi, domin ana iya haɗe tsangayoyi ko a sauya sunan sashe a kowace shekara, amma yi wa ɗalibi rajista yana nan yadda yake. Idan aka jera manhajojin jami'a a kan wannan taswira, nan take za a ga inda sassa uku suka sayi abu uku don aiki ɗaya, da inda wani muhimmin aiki yake rataye a kan fayil ɗin Excel da ke kwamfutar mutum guda.

Taswirar bayanai ma tana da amfani, musamman wajen kawo ƙarshen saɓanin magatakarda da ma'ajin jami'a kan wanda za a ƙirga a matsayin ɗalibi, ko da yake ba ta kai ta farko sauƙin fahimta ga wanda ba masani ba. Sauran biyun sun fi dacewa da ma'aikatan fasaha.

Akwai inda kundin ya gaza, kuma ya kamata mai neman sa ya sani tun da wuri. Ba ya faɗin abin da za a fara gyarawa, ba ya auna kuɗin da gyaran zai ci, kuma an gina shi ne bisa yanayin jami'o'in da ke da ma'aikata na musamman kan fannin daidaita ayyukan ma'aikata da fasaharta, waɗanda suka saba da tsare-tsaren fannin irin su TOGAF (ƙa'idojin gudanar da aikin) da ArchiMate (salon zana taswirorinsa). Ƙaramar jami'a da ba ta da irin waɗannan mutane za ta iya buga taswirar ta manna a bango ba tare da komai ya sauya ba. Lasisinsa na Creative Commons ya ba da damar amfani da shi da gyara shi matuƙar ba don kasuwanci ba ne, wanda hakan alheri ne babba, sai dai lokacin da ma'aikata za su ɓata wajen daidaita shi da jami'arsu shi ne ainihin farashinsa.

Ina ba da shawarar a ɗauke shi, amma a fara da taswirar ayyuka kaɗai, a zaunar da shugabannin tsangayoyi da na ofisoshi su yi wa kowane aiki alama gwargwadon ƙarfinsa ko rauninsa, kafin a amince da sayen wata sabuwar manhaja.