Manhajar na'urar jina ta fitar da ni kunya ranar ɗaurin aure, amma ba ta san da alwala ba

Tun da abokan zamana a kasuwar Sabon Gari suka ga ina danna waya kafin in amsa ciniki, suka dame ni da tambaya ko ƙarin kuɗin da na zuba a na'urar ji mai haɗuwa da waya ya biya. Wanda ya taɓa tayawa ya san tazarar farashin, ba sai na faɗa ba. Bari in amsa wa kowa a nan.

Jina ya fara raguwa ne tun ina saurayi ina aikin injin niƙa a Tudun Wada, kafin in koma sayar da yadi. Ba wai ba na jin murya ba ne. Ina jin ana magana, tsintar abin da ake faɗa ne ke gagara ta, musamman muryar mata da ta yara, ko in mutum biyu suka haɗa baki. Da aka gwada ni a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, sai aka nuna mini takarda, layin ya gangara ƙasa ta wajen siraran sautuka irin su s da sh da ts. Nan ne ƙarar inji ke fara ci. Shi ya sa ɗaga mini murya bai taɓa ƙara mini komai ba sai ciwon kai. Na'urar kuwa a wajen wani dillali na saye ta daga baya, guda biyu masu maƙalewa bayan kunne, masu cin batir lamba 312, domin da irin wutar da muke samu ban yarda da mai caji ba.

Abin da ya sa na ɗauki manhajar da muhimmanci shi ne ɗaurin auren 'yar yayana marigayi. Ni ne baffanta, ni kaɗai na rage a ɗakinmu, don haka ni ne waliyyi. Uwarta ta aiko mini da saƙo tun ana saura mako: "A gaya wa Baffansu, ba na so kowa ya ba da ita sai shi da bakinsa." Maganar nan ta hana ni barci. Na sha zama a taro ina gyaɗa kai kan abin da ban ji ba, amma ba a gyaɗa wa aure kai. Sai ka ji an nema, ka ji sadaki, ka amsa a gaban shaidu.

Ranar Asabar da hantsi masallacin unguwarsu a cikin birni ya cika har waje. Babu wuta, an tayar da janareto a bayan tagar da nake jingine, fankoki na juyawa, lasifika na tsuwa, maroƙa a ƙofa sun riga sun fara. Na'urar tana kan tsarinta na kullum, wanda take zaɓa da kanta, sai ta kwaso duk wannan ta zuba mini a ka. Ji na yi kamar an kifa mini bokitin ƙarfe ana bugawa. Ina ganin bakin Liman yana motsi, tsakanina da shi bai fi taku uku ba, amma ko kalma ɗaya ban kama ba. Gumi ya karyo mini. Har na fara waiwayen wanda zan ce ya matso ya wakilce ni.

Ɗana na biyu yana zaune a bayana, ya lura. Ya raɗa mini a saitin kunne, "Baba, kawo wayar." Ina kallon abin da yake yi. A cikin manhajar akwai hoton kan mutum da da'ira kewaye da shi. Ya taɓa ɓangaren gaba, da'irar ta tsuke ta koma siririya. Ya ja layin rage hayaniya zuwa ƙarshe, ya ɗan ɗaga siraran sautuka, ya sauke masu kauri. Bai taɓa ƙarar ba sam.

Wallahi nan take janareto ya ja da baya. Bai ɓace ba, yana nan, amma ya koma can nesa. Maroƙa suka dushe. Sai ga muryar wakilin ango tar, yana cewa suna nema wa ɗansu auren 'yarmu. Na ji shi a karo na farko, na ji na biyu, na ji na uku. Na ji Liman ya tambayi sadaki, na ji an ce an biya lakadan ba ajalan ba. Na buɗe baki na ce na ba su, da muryata, a daidai lokacin da ya kamata, ba tare da wani ya zungure ni ba. Da aka shafa Fatiha ban iya ɗaga kai ba, saboda hawaye. Yayana na tuna, da yadda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu.

Daga baya masanin da ya saita mini na'urar ya yi mini bayanin abin da ya faru. Kowace na'ura tana da makirfo biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Sautin da ya fito daga bayanka yakan riga isa na bayan da ɗan ƙiris, da wannan tazarar take gane inda ya fito ta danne shi. In kuma na'urorin biyu suna magana da juna, sai su ƙara tsuke wurin da suke saurare. Ya ce, "Alhaji, na'urar ce ke aikin, wayar umarni kawai take bayarwa." Gaskiya ne, amma ɗan maɓallin da ke jikin na'urar ba zai taɓa ba ni wannan umarnin ba, ƙara da ragi kawai na san yana yi. Da a wancan makon aka ce in rubuta sharhi, da babu abin da zan rubuta sai yabo. Na adana saitin, na sa masa suna "Masallaci", na riƙa nuna wa duk wanda ya zauna a shagona.

To, sai zama ya yi zama.

Wanda ya tsara wannan manhaja bai san akwai mutanen da ke wanke fuska su shafi kunne sau biyar a yini ba. Dole in cire na'urar kafin alwala, ruwa ba abokinta ba ne. In na cire na jefa aljihu ban kashe ta ba, sai ta kama fito, mutanen da ke gefena a wurin alwala su yi ta waige. In na buɗe murfin batir don ta yi shiru, ta mutu ke nan, kuma duk sanda ta tashi, kan tsarin farko take komawa. Saitin "Masallaci" yana nan a waya, amma sai na ciro wayar, na buɗe manhaja, na jira ta nemo kunnen dama, ta nemo na hagu. Na dama yakan zo da wuri. Na hagu wani lokaci har a tayar da iƙama ana nemansa. Ga ni dattijo a sahun gaba ina latsa waya, ana yi mini kallon wanda ke duba saƙo a cikin masallaci. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai, domin wurin da na fi bukatarta ke nan.

Sai alamar batir. Wannan ita ce ta fi ɓata mini rai bayan alwala. Ranar wata Juma'a na duba kafin in fita, ta nuna mini a cike. Ana tsakiyar huɗuba na ji ɗan kiɗan gargaɗi a kunnen hagu, ba a jima ba ya ɗauke. Ashe irin wannan batir, mai takardar da ake ɓarewa iska ta shiga ya fara aiki, ƙarfinsa ba ya sauka a hankali. Yana tsaye daram har kusan ƙarshe, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Manhajar ba ta da yadda za ta hango. To in haka ne, me ya sa za a zana mini batir kore a cike, a sa ni in fita da ƙwarin gwiwa? Gara a rubuta mini ranar da na saka shi. Yanzu haka nake yi da biro a bayan kwalin, kuma ba na rabuwa da na canji a aljihun 'yar ciki.

Dillalin da ya sayar mini ma ina da magana da shi. Da bakinsa ya ce mini tana haɗuwa da kowace waya, har kira zan riƙa amsawa ta cikin kunne. Rabin gaskiya ya faɗa. Sarrafa na'ura da manhaja daban, turo sautin kira ko karatu kai tsaye cikin kunne daban. Masu iPhone sun samu wannan tun 2014. A Android sai daga Android 10 da ya fito a 2019, kuma ko a nan ba kowace waya ba, sai wadda masu ƙera ta suka saka mata tsarin. Tawa ba ta ciki. Na so ƙwarai in riƙa sauraron tafsiri cikin azumi ba tare da na cika gida da ƙara ba, ban samu ba. Da na koma masa sai ya ce in canza waya, kamar kuɗin a bakin titi ake tsinta.

Wayar ma tana da nata hali. Irin wayoyinmu suna kashe duk manhajar da ba a buɗe ba don tattalin caji, sai yarona ya shiga can cikin saituna ya cire ta daga jerin. Kuma in na sa wayar a aljihun babbar riga ta dama, kunnen hagu ne ke yankewa, saboda jikin mutum da kansa yana tare siginar Bluetooth. Aljihun ƙirji ya fi. Babu wanda ya gaya mini wannan, da kaina na gano.

Akwai ranar da manhajar ta sabunta kanta cikin dare. Da safe na buɗe, ta ce sai na sake shiga da imel da kalmar sirri. Yaron da ya buɗe mini yana Samaru wajen karatu, ga shi ranar sabis ya ƙi. Na wuni a kasuwa, tsakanin ƙarar keke napep da masu wa'azi da lasifika, ba ni da ikon taɓa abin da ke maƙale a kunnena, alhali ga wayar ga na'urar, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu biyu ba. Me ya haɗa intanet da wannan? Kuma duk rubutun cikinta Turanci ne. Ni na yi sakandare ina lallaɓawa, amma tsofaffinmu da suka fi kowa bukatar abin nan fa? Mahaifiyar mai ɗakina tana fama da irin matsalata, na so in saya mata, da na tuna ita kaɗai take wuni a gida sai jikina ya yi sanyi.

Ba zan hana ta haƙƙinta ba a kan abu guda. Da na manta na'urar kunnen dama a kan dakalin alwala, taswirar manhajar ta nuna mini wurin da suka rabu da waya, da na matso kuma alamar ta riƙa cika har na gan ta a bayan buta. Wannan kaɗai ya tsare mini asarar da ba zan iya mayarwa a bana ba.

Saboda haka masu tambayata, amsata ta kasu. In kana da taro irin wanda na shiga, kuma kana da yaro a kusa mai hannu a waya, manhajar za ta yi maka abin da maɓalli ba zai yi ba, na shaida. In don zaman yau da kullum ne, sallah biyar da kasuwa, za ta gajiyar da kai. Kafin ka biya, ka je da wayarka, a haɗa a gabanka, a kira ka ka ji ko sautin ya shiga kunne. Ka buɗe murfin batir ka rufe, ka ga tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta dawo. Ni dai mako mai zuwa zan koma wajen masanin, in roƙe shi ya ɗora mini saitin masallacin nan a cikin na'urar kanta, yadda zan kamo shi da maɓalli bayan alwala, wayar tana aljihu.