Ƙafar gaban Hilux: a sake bushi a riƙe hannun, ko a sayi hannu ɗungurungum?

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce Hilux ɗinka ƙirar 2005 zuwa 2015, wadda ake ce wa Vigo, tana ƙwanƙwasa a gargada tana cinye tayoyin gaba ta ciki, kana tambaya ko a gyara hannuwan ƙafarta ko a sayi sababbi. Shawara ita ce ka riƙe hannuwanta na asali, wato ƙarafan sama da ƙasa da ke haɗa taya da shasi, a sake musu bushi (robar da ke inda hannu ya haɗu da shasi) da boljoyin (gaɓa mai ƙwallo da ke haɗa hannu da ɓangaren taya). Kada ka sayi sababbin hannuwa sai in ɗaya daga cikin dalilan da ke ƙasa ya bayyana.

Amma sai an rabe gyara da gyara, domin abu biyu ake kira da wannan suna a gareji. Akwai na gaskiya: a kwance hannu, a matse tsohon bushi da boljoyin a fitar, a matsa sababbi. Akwai kuma cikawa: a buɗe gindin boljoyin, a cusa masa guntun roba, a daddake da guduma, a ɗana walda, a ce maka ya koma sabo. Ko a yanko bushi daga tsohuwar tayar babbar mota. Ko a huda shakazoba a ɗura mata mai. Wannan cikawar ƙarar kawai take ɓoyewa. Ƙwallon da ke cikin boljoyin ya riga ya cinye mazauninsa, robar da aka cusa ba ta mayar da ƙarfen da ya tafi, zafin walda kuma yana ƙona girisin da ya rage. A Vigo sifirin da shakazoba kan hannun ƙasa suke zaune, don haka nauyin gaban motar ta boljoyin ɗin ƙasa yake bi ya isa taya. Ran da ya fice, tayar lanƙwashewa take ta shige ƙarƙashin bodi, irin motocin da kake gani sun durƙusa a bakin titi da ƙafa ɗaya a karkace. Duk abin da ke da ƙwallo a cikinsa, boljoyin ne, tayarod ne ko rak-en (sandunan da ke kai juyin sitiyari ga taya), linkej ne (ɗan sandan da ke haɗa sitabilaiza, ƙarfen hana mota tangaɗi, da ƙafa), ba a cika shi. Sakewa ake yi.

Hannun da motar ta fito da shi daga kamfani kuwa abin riƙewa ne. Ƙarfe ne mai kauri, ramukansa a kan awo suke daidai da shasi, kuma ba ya tsufa don kansa. Abin da ke mutuwa a jikinsa roba ce da ƙwallo. Hannun da ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar buhuna a hanyar ƙauye, in bai taɓa cin karo ba, ka wanke shi da kananzir ka goge, za ka ga ko tsatsar kirki babu, musamman a nan Arewa da ba mu da iskar gishiri. A sa masa bushi mai kyau da boljoyin na ƙwarai, mai alaimen ya ɗora motar a injinsa, sai ka ga ta zauna daram ba tare da an kai notin saiti ƙarshensa ba.

Sabon hannu ɗungurungum, to, yana da sauri, ranar da aka kwance ranar za a ɗaura, iyakar abin da za a yaba masa ke nan. Na Toyota na gaske yana da kyau amma kuɗinsa sai a hankali. Mai araha da ya cika kasuwa ƙarfensa siriri ne, bushin da ya zo da shi bai cika kai damina biyu ba, wani ma alaimen ba ya kamawa da shi ko an juya saitin ƙarshe. Ɗan Beljiyam kuwa ƙarfen asali ne, sai dai robarsa da ƙwallonsa sun yi irin shekarun naka, ka sayi tsohon wani ke nan ka zo ka sake masa bushi.

Inda dole a sake hannu: ya lanƙwashe sakamakon karo ko faɗawa rami, akwai tsaga kusa da mazaunin boljoyin ko inda shakazoba ke zama, an taɓa yi masa walda, ko ramin boljoyin ya buɗe har sabo yana shiga da bugun tafin hannu. Wannan na ƙarshen guduma ce ke jawo shi. Kada ka yarda a ɗana masa walda don ya tsaya. A irin wannan hali ɗan Beljiyam mai lafiyar ƙarfe, a zuba masa sababbin kaya, ya fi sabo mai araha.

Kafin ka kashe ko sisi, a gwada a gabanka. A sa jak ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya, don nauyi ya sauka daga kan boljoyin. In aka ɗaga motar ta shasi, sifirin yana danne shi, wasan ba zai nuna ba. A zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga, kai kuma ka tsugunna ka zuba wa boljoyin ido. Sannan a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, wani ya taka birki: ya ɓace, boris ne, bai ɓace ba, boljoyin ne ko bushi. A kama tayar ta gefen hagu da dama a girgiza, wasan nan na tayarod ne ko rak-en. Bushi kuma a sa ƙarfe a taɓa hannun, in robar ta tsattsage ko ta rabu da bututun tsakiya za ka gani ƙuru-ƙuru. Sau da yawa ƙarar da ta fi damun mutum a gargada ta linkej ce da robar sitabilaiza, mafi arahar kaya a duk ƙafar. Cin taya ta ciki dai ba nasu ba ne, wannan yawanci bushin ƙasa ne ko tayarod.

Lissafin kaya in za a yi duka: bushi takwas, huɗu na sama huɗu na ƙasa, boljoyin huɗu, tayarod biyu, rak-en biyu, linkej biyu, robar sitabilaiza biyu. Ana sakewa hagu da dama tare. Ka ƙirga notin tayarka kafin ka tafi kasuwa, mai noti 5 da mai noti 6 kayan ƙafarsu ba ɗaya ba ne. Ka tafi da lambar shasi, ka tafi da tsohon kayan a leda a gwada baki da baki.

Wajen aikin, nan ake ɓata kaya mai kyau. Hannun ƙasa kowanne yana da boltin saiti biyu masu faifai a karkace, a shafa musu fenti a yi alama kafin a kwance. Su ne suka fi ba da wahala, domin tsatsa kan manne su da bututun bushi, a yi ta duka ba su motsa ba, ƙarshe sai an yanke. Ka tanadi kuɗin sababbi tun farko, a shafa wa jikinsu giris kafin a mayar. Bushi da boljoyin injin matsa ake kai wa, ba guduma ba, ba kuma ƙonawa da wuta ba. Idan mai gyaran ƙafarka ba shi da injin, ya ɗauki hannuwan ya kai inda yake. Zoben da ke riƙe boljoyin ya zauna cikin raminsa duka zagaye. Fin ɗin da ke kulle noti a sa sabo, ba ƙusar kafinta da aka lanƙwasa ba. In an saki hannun sama, a ɗaure kan ƙafar da waya kada ya rataya a tiyon birki, in mai gaba-da-baya ce kuma, wato mai jan tayoyi huɗu, kada shaf ya zare. Sifirin kuwa ba a kwance shi daga shakazoba sai da abin matse shi, yana iya karya mutum.

Kuskuren da ya fi kashe sabon bushi: a ƙulle boltinsa tamau mota tana sama, ƙafa a rataye. Da an sauke ta, robar ta murɗe ke nan tun ba a tafi ko'ina ba, sai ta yage da wuri, a ce kaya ne jabu. A ɗaura sako-sako, a sauke motar kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ƙulle. Daga nan kai tsaye wurin alaimen, kada ka ce sai ka dawo daga tafiya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da kasuwa. Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, duk akwai masu amana, akwai kuma waɗanda za su rantse maka a kan jabu. Boljoyin mai lamba 555 na kamfanin Sankei na Japan kaya ne mai kyau, shi ya sa aka fi kwaikwayon kwalinsa. CTR na Koriya da bushin RBI na Tailan su ma ana samun na bogi. Kwali ba shaida ba ne, ka buɗe ka riƙe. Sabon boljoyin wuyansa da tauri, sai ka sa ƙarfi yake juyawa, wanda yatsa ɗaya ke kaɗawa ka ajiye musu. Ka duba zaren noti ko ya fita tsaf, ka ja robar ka ga ko tana da kauri. Hannun Beljiyam da ke sheƙi da baƙin fenti, da sabuwar roba a kan tsohon boljoyin, an yi masa kwalliya ne, ka kankare fentin kusa da mazaunin ka nemi alamar walda. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ba sa'a ka yi ba. Ka je da ƙafarka ko ka bi makanikenka, a rubuta maka rasit da sharaɗin mayarwa, kuma duk abin da aka cire daga motar a damƙa maka a hannu ka ƙirga.

In kuɗin bai kai a yi duka a zama ɗaya ba, fara da boljoyin ɗin ƙasa biyu da tayarod, sai bushin ƙasa da alaimen. Na sama da linkej za su iya jiran albashi mai zuwa. Sababbin tayoyi kuma kada ka saya sai an gama ƙafar.