"Shi", "ita", ko suna kawai?

A wuraren aiki a Amurka, hanya biyu ake ja-in-ja a kansu game da yadda za a kira wanda ya sauya jinsi. Ta farko, a wajabta kiran wanda ya sauya jinsi da wakilin sunan da ya zaɓa. Tana kare mutuncinsa, amma tana takura wa mai addini. A 2018 aka kori malami Peter Vlaming a Virginia saboda ya ƙi kiran wani ɗalibinsa da ya sauya jinsi da wakilin sunan da ɗalibin ya zaɓa. A 2024 hukumar makarantar ta amince ta biya shi dala 575,000.

Ta biyu ita ce wadda Vlaming ya bi: kiran ɗalibin da sabon sunansa kawai. Na fi karkata nan, duk da cewa ɗalibin zai ji an ware shi. Da Hausa kuwa abin ya fi wuya, don ko a gaisuwa sau da yawa sai ka ce "ka" ko "kin".